Shirun Teku Lokacin Shiri Ne: Jawabi Ga Hausawa Mazauna Houston





Kwanan nan tekun Atlantika ya yi tsit. Cibiyar da ke sa ido kan mahaukaciyar guguwa a Miami tana fitar da hasashe sau huɗu a rana, kuma ta ce ba a sa ran komai cikin kwana bakwai masu zuwa. Alhamdu lillahi. Sai dai lokacin guguwa ba ya ƙarewa sai 30 ga Nuwamba, ganiyarsa kuma wajen 10 ga Satumba ce.

Mu ya kamata mu fi kowa gane wannan al'amari, domin daga yankinmu na gida yawancin manyan guguwar nan suke faro tafiya. Kowa ya san hadarin damina daga gabas yake tasowa. Iskar da ke ɗauke da shi takan ratsa Cadi da Nijar da arewacin Najeriya duk bayan kwana uku zuwa biyar, ta shayar da gonakin gero, ta faɗa teku ta gaɓar Senegal. In ta tarar da ruwa mai ɗumin digiri 26 zuwa sama, kuma iskar sama ba ta yayyaga ta ba, sai ta fara juyi. Abin da yakan shaƙe ta shi ne busasshiyar iskar Sahara mai ƙura, ita kuwa daga tsakiyar Agusta takan ja da baya.

Da yawanmu muna nan aka yi guguwar Harvey. Ta baro gaɓar Afirka a watan Agustan 2017, ta wargaje a tekun Karebiyan, sannan ta farfaɗo a Tekun Meziko. Ranar 25 ga wata ta afka wa garin Rockport, ta tsaya tana zuba ruwa, har aka auna sama da inci 60 a garin Nederland. A 2022 kuma Agusta ya wuce ba a sa wa guguwa ko ɗaya suna ba, amma a ƙarshen Satumba guguwar Ian ta ragargaza kudu maso yammacin Florida.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Inshorar gida ta yau da kullum ba ta biyan ɓarnar ambaliya, ta gwamnatin tarayya kuma yawanci sai bayan kwana 30 da saye take fara aiki. Ku tanadi galan ɗaya na ruwa ga kowane mutum a rana, da magunguna da tocila. Fasfo da takardun zama su shiga leda. Janareta a waje yake zama, nesa da taga, domin hayaƙinsa kisa yake yi ba a ji warinsa ba. Labarin guguwa kuwa a ɗauke shi daga hukumar yanayi, kada a dogara da saƙon WhatsApp.

Roƙona na ƙarshe: kafin mu tashi, mu rubuta sunayen tsofaffi da ɗalibai sababbin zuwa da waɗanda ba su da mota, kowannensu a ba shi gidan da zai neme shi idan gari ya rikice.

Allah Ya tsare mu da iyalanmu, Ya ba mutanenmu na gida damina mai albarka.