Tsohon da Ya Manta Hanyar Gidansa

Yau zancenmu a kan tsofaffinmu ne, da wani ciwo wanda yakan shiga gida ba sallama, ya daɗe a ciki tun mutanen gidan ba su farga ba.

Kowa ya san mantuwa. Ka ajiye fartanya, ka nema har ka gaji, can ka gan ta a bayan rumbu, sai ka tuna kai ne ka jingine ta jiya. Ka gamu da mutum a kasuwa, sunansa ya ɓace maka, da dare kana kwance ya faɗo maka. Wannan halin ɗan Adam ne, yana kuwa ƙaruwa kaɗan da shekaru. Amma akwai wata irin mantuwa dabam. Tsohuwa ta ci tuwo, an ɗauke kwano, ba a jima ba ta ce tun safe ba a ba ta kome ba. Ba ƙarya take yi ba, gama cin abincin bai zauna a kanta ba sam. Tsoho ya fita zuwa gindin itacen da ya yi shekara 40 yana hira a wurin, sai a same shi a bakin rafi yana tambayar yara hanyar gidansa. Mu mukan ce gigin tsufa ne. Likitoci sun ce ciwo ne na ƙwaƙwalwa, iri-iri ne kuma, amma wanda ya fi yawa shi ne ciwon Alzaima.

Sunan wani likita ne na ƙasar Jamus, Alois Alzheimer. A shekara ta 1901, a wani asibiti na birnin Farankfot, aka kawo masa wata mace mai shekara 51. Ta ruɗe, tana tuhumar mijinta ba dalili, in an ce ta rubuta sunanta sai ta fara, ta kāsa gamawa. Ta rasu a 1906. Likitan ya duba ƙwaƙwalwarta da madubin likita, ya ga ta motse, ya ga waɗansu dunƙule-dunƙule sun taru a tsakanin ƙwayoyinta, ya ga kuma wani abu kamar zare ya cuɗe a cikin ƙwayoyin kansu. A 1910 aka sa wa ciwon sunansa. Ku lura da shekarun matan nan. Ba ta tsufa tukuf ba. Ashe ba tsufa kaɗai ke kawo shi ba, ko da yake ya fi kama waɗanda suka wuce shekara 65.

Ɓarnar takan fara ne daga wurin da ƙwaƙwalwa ke ajiye sabon abu. Shi ya sa za ka ga tsoho yana ba da labarin yunwar da aka yi yana yaro, bai bar kome ba, har da sunan jakin ubansa, amma bai san wanda ya gaishe shi ɗazu ba. Mutane sukan ce, ai da gangan yake yi, ga shi yana tuna abin da ya so. A'a. Tsohon ajiya yana nan tukuna, sabo ne ba ya shiga.

To, yaya za mu gane shi? Mai ciwon yakan yi tambaya guda sau biyar, sau goma, cikin zama ɗaya. Matar da ta yi shekaru tana sayar da ƙuli-ƙuli sai lissafin canji ya gagare ta. Mai girki ta zuba gishiri sau uku, ko ta bar tukunya a wuta ta tafi. Magana takan ɓace, ya so ya ce buta, sai ya ce, abin nan na ruwa. Ya sa kuɗinsa a cikin tulu, ya manta, ya ce jikansa ya sace. Hali ma yakan sāke, mai haƙuri ya zama mai faɗa, mai son mutane ya shige ɗaki. Da yawa ruɗewar takan tsananta da maraice, su tashi su ɗaure kaya su ce za su tafi gida, alhali kuwa a gida suke. Abin yana tafiya a hankali, wata da watanni, shekara da shekaru, yana gaba, ba ya komawa baya.

A nan sai ku kasa kunne da kyau. In tsoho lafiyarsa lau jiya, yau ya wayi gari a ruɗe, kada ku ce gigin tsufa ne ku zauna. Zazzaɓi yakan yi haka, da ciwon mafitsara, da ƙarancin ruwa a jiki lokacin bazara, da sukari in ya faɗi ko ya hau, da waɗansu magunguna. In baki ya karkace, ko hannu ya mutu, shanyewar ɓarin jiki ne, a kai shi gidan likita nan da nan. Ko mantuwar da ta zo a hankali ma, wani lokaci baƙin ciki mai tsanani ne, ko ciwon maƙoƙo, ko rashin wani abin gina jiki, waɗannan kuwa ana warkar da su. Saboda haka a kai tsoho likita ya duba shi, wanda yake zaune tare da shi kullum shi ne zai raka shi, domin shi ya san lokacin da abin ya fara.

Akwai wani abu mai nauyi da ba zan tsallake ba. Tsohuwa ta fita da tsakar dare, aka same ta a ƙofar wani gida, zanenta ya kwance, tana kiran sunan mutanen da suka mutu tuni. Me mutane za su ce? Ku kun sani. Za a ce mayya ce. In aka tsare ta da tambaya, aka ce ke kika kama yaron wane, sai ta ce i, domin ba ta san abin da ake tambayarta ba. A arewacin Gana, a garin Gambaga, akwai unguwar da matan da aka kora da sunan maita suke fakewa. Ba a Gana kaɗai ake wannan kora ba. A ganina ba abin kunya da ya fi wannan, a ce mace ta goyi 'ya'ya, ta yi surfe da daka har bayanta ya tanƙware, ranar da kanta ya yi ciwo kuma a bi ta da jifa.

Ciwon ba na Turawa kaɗai ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a shekara ta 2021 mutum miliyan 57 ne ke da gigin tsufa a duniya, fiye da 60 cikin 100 nasu kuwa suna ƙasashen da ba masu arziki ba. Ciwon Alzaima shi ne 60 zuwa 70 cikin 100 na dukan waɗannan.

Maganin da zai warkar da shi ba a samu ba tukuna. Akwai ƙwayoyi, kamar donepezil, masu ɗan sauƙaƙa mantuwar na wani lokaci. A 2023 hukumar magunguna ta Amurka ta amince da wani sabon magani da ake ƙarawa ta jijiya, yana ɗan rage saurin ciwon ga wanda bai yi nisa ba, amma yana da tsada ƙwarai. Wanda ya ce maka yana da maganin da zai kawar da shi cikin kwana 7, akuyarka yake so.

Amma ga labari mai daɗi. A 2024 wani taron masana da mujallar likitoci ta Lancet ta kafa ya lissafta abubuwa 14 masu buɗe wa gigin tsufa ƙofa, suka ce in an kau da su, wajen 45 cikin 100 na ciwon ana iya hana shi ko a jinkirta shi. Ɗaya daga cikinsu shi ne hawan jini. Ba ya ciwo, ba ya sallama, yana cin ƙananan jijiyoyin ƙwaƙwalwa a ɓoye. Kai mai shekara 40, ka taɓa miƙa hannu an auna ka? In an ba ka magani ka riƙa sha kullum, kada ka bari don ka ji sauƙi. Uwargida, a rage gishiri da dunƙule a miya, gama ƙaramin cokali ɗaya na gishiri ya ishi mutum yini guda. A auna sukari, a bar taba, a bar giya. Mai hawa babur ya sa hular kwano, domin buguwar kai tana barin tabo har tsufa. A hura wutar itace inda hayaƙi zai fita. Wanda ya bar gona ya koma zaman kanti, ya riƙa taka ƙafa ko rabin awa a yini.

Kunne da ido ma suna cikin lissafin nan, mutane kuwa ba su cika sani ba. Tsohon da ba ya ji, in ana hira sai ya yi shiru, gobe ya daina zuwa, jibi an manta da shi a ɗaki. Ƙwaƙwalwar da ba ta samun magana takan yi sanyi. A duba kunnensa, wani lokaci dauɗa ce kawai ta toshe shi. Yanar ido kuwa aiki ne ƙarami, a cire ta ya sāke ganin jikokinsa. Karatun yara ma yana ciki, wanda ya sami ilimi da ƙuruciya ya fi jimrewa da tsufa.

Ku da kuke jiyyar irin wannan tsoho a gida, kada ku yi gardama da shi. In Baba ya ce zai tafi gona, alhali an sayar da gonar tuni, ka ce, to Baba, mu sha fura tukuna. Kafin a gama ya manta. In Inna ta kira ki da sunan ƙanwarta, ki amsa. A rufe rijiya, a ɗauke maganin ƙwari da wuƙa daga inda hannunta zai kai, a bar fitila da dare. A rubuta sunansa da unguwarsa a ɗinka a cikin rigarsa, a kuma faɗa wa maƙwabta da mai unguwa, domin in sun gan shi a hanya su komo da shi. Kada kuma a bar wa mace guda wannan aiki, sau da yawa matar ɗa ce, ga goyo, ga girki, ga rashin barci. 'Ya'yan da suke birni su zo su karɓe ta ko na mako guda, kuɗin da suke aikowa ba ya tsaron ƙofa da dare.