BOM ƊIN NUKILIYA A KAN MA'AUNIN SHARI'A: DARASI DAGA HIROSHIMA DA NAGASAKI

Muna gode wa Allah Maɗaukakin Sarki da Ya tara mu a wannan majalisi. Tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah (SAW) da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ya 'yan'uwa, tambayar da za mu duba a yau ita ce: shin ya halatta a hallaka gari guda da duk wanda yake cikinsa domin a kawo ƙarshen yaƙi?

A ranar 6 ga watan Agusta, 1945, da ƙarfe 8:15 na safe, wani jirgin yaƙin Amurka ya saki bom ɗin nukiliya a tsakiyar birnin Hiroshima na ƙasar Japan. Bayan kwana uku aka saki na biyu a Nagasaki. Kafin ƙarshen shekarar, kimanin mutum 140,000 sun mutu a Hiroshima, wajen 70,000 kuma a Nagasaki, mafi yawansu farar hula. A cikinsu akwai dubban 'yan makaranta da aka fito da su aikin rushe gidaje don tare gobara. Ranar 15 ga wata Sarki Hirohito ya sanar da miƙa wuya.

Adalci shi ne mu fara sauraron hujjar waɗanda suka yi wannan aiki. Sun ce shugabannin sojan Japan sun ƙi amsa kiran miƙa wuya da aka yi musu daga Potsdam a watan Yuli. Sun ce a yaƙin tsibirin Okinawa kaɗai sojan Amurka fiye da 12,000 suka mutu, na Japan kuma sun ninka haka sau da yawa, ban da mutanen gari. A 1947 Henry Stimson, wanda ya riƙe ma'aikatar yaƙi, ya rubuta cewa mamaye Japan zai iya jawo wa Amurka asarar fiye da soja miliyan ɗaya, tsakanin matattu da masu rauni. Kowane wata da yaƙin ya ƙara, mutane ne suke ta mutuwa a ƙasar Sin da sauran wuraren da Japan ta mamaye. Kada kuma mu manta akwai kakanninmu da Turawan Ingila suka kwasa zuwa yaƙin Bama, suka gwabza da sojan Japan a cikin daji. Ƙarewar yaƙin ce ta buɗe musu hanyar komowa gida.

To amma tun kafin a saki bom ɗin an sami masu ja. A watan Yuni na 1945 wasu masanan da suka yi aikin ƙera shi, ƙarƙashin James Franck, sun ba da shawarar a nuna ƙarfinsa a wani wurin da ba kowa. A watan Yuli masana 70 suka sa hannu a takardar koke da Leo Szilard ya rubuta wa Shugaba Truman. A 1946 wani kwamitin binciken gwamnatin Amurka ya ce Japan za ta miƙa wuya kafin ƙarshen 1945 ko da ba a saki bom ba. Janar Eisenhower da Admiral Leahy sun bayyana rashin yardarsu a littattafan tarihin rayuwarsu. Wasu masana tarihi kuma suna ganin shigar Tarayyar Sobiyet yaƙin, ranar 8 ga Agusta, ita ce ta fi karya lagon Japan.

Ya 'yan'uwa, har gobe masana tarihi suna jayayya a kan waɗannan alƙaluma. Mu ɗauka ma lissafin masu bom ɗin daidai ne, rayukan da aka tsirar sun fi waɗanda aka kashe. Shin wannan ya isa hujja?

A shari'ar Musulunci bai isa ba. Ya tabbata cewa Manzon Allah (SAW) ya ga gawar wata mata a fagen yaƙi, ya yi inkarin kashe ta, ya hana kashe mata da ƙananan yara. Ya kuma hana azabtarwa da wuta. Halifa Abubakar (RA), da zai tura runduna Sham, ya hana su taɓa mata da yara da tsofaffi da masu ibada a ɗakunan ibadarsu, har da sare itatuwa masu 'ya'ya.

Wani zai ce ai an harba majanjaniƙu, wato na'urar jifa da duwatsu, a kan ganuwar Ɗa'ifa, alhali akwai mata da yara a ciki. Haka ne, kuma a nan malamai suka bambanta abu biyu: wanda ya nufi mayaƙa, cutarwa ta shafi wasu ba da nufinsa ba, da wanda ya nufi mutanen gari su kansu. Imamu Malik ya ma tsananta, domin an ruwaito cewa bai yarda a ƙona ganuwa ko jirgin ruwan da mayaƙa suka fake a ciki tare da mata da yara ba.

Wanne daga cikin biyun aka yi a Hiroshima? Gaskiya ne akwai hedikwatar soja a garin. Amma kwamitin da ya ba Truman shawara ya zaɓi a saki bom ɗin ba tare da gargaɗi ba, a kan ma'aikatar yaƙi da gidajen ma'aikata suka kewaye, domin abin ya firgita mutane ƙwarai. Wurin da aka saita kuwa gada ce a tsakiyar gari. Ke nan yawan gawawwakin shi ne saƙon da aka aika wa shugabannin Japan.

Masu cewa larura ce su tuna cewa larura tana da iyaka. Malamai sun haɗu a kan cewa wanda aka tilasta masa ya kashe wani bawan Allah don ya tsirar da ransa, bai halatta ya kashe shi ba, domin ransa bai fi na wancan daraja ba. Idan mutum ɗaya ba shi da wannan dama, daga ina gwamnati ta samo ta? Jaririn Nagasaki bai kai hari Pearl Harbor ba, bai gallaza wa fursuna a Bama ba.

A 1996 Kotun Duniya da ke Hague ta ce amfani da wannan makami a galibi ya saɓa wa dokokin yaƙi, amma ta kasa yanke hukunci a kan ƙasar da wanzuwarta take cikin haɗari. A 2017 aka ƙulla yarjejeniyar haramta shi, ta fara aiki a 2021, sai dai babu ko ɗaya daga cikin ƙasashen da suka mallake shi da ta shiga.

Abin da ya rage gare mu shi ne mu riƙe ma'auni ɗaya. Hujjar da muka ƙi karɓa daga Truman, kada mu karɓe ta daga kowace gwamnati ko ƙungiya, ko da tana kiran sunan Musulunci, idan ta ce kashe mutanen kasuwa da na makaranta shi zai gaggauta nasara. Ranar hisabi ba za a tambayi mai kisa yawan waɗanda ya yi zaton ya tsirar kaɗai ba, za a tsayar da shi a gaban kowane rai da ya ɗauka ba da haƙƙi ba.

Allah Ya kiyashe mu da zubar da jinin bayinSa. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.