Mai Juna Biyu da Ciwon Haƙori

A Ikara, Makarfi da Kudan, mai juna biyu kan kwana dafe da kumatu, tana cusa kanumfari a kogon haƙori, wai don allurar kashe zafi tana taɓa ɗan ciki. Sam, ba haka ba ne. Allurar lidocaine wurin haƙorin take kashewa, kuma likitoci sun amince da ita ga mai ciki. An fi son a cike ko a cire haƙori tsakanin wata na 4 da na 6, amma haƙorin da ya tara mugunya ba ya jiran haihuwa. Abin gudu shi ne kafson tetracycline na kemis, mai rina haƙoran jariri. Maigida, kai ta asibiti, ko da na Shika ne, ta faɗa wa likita watannin cikinta.