Makullin cPanel: a ina kake buga shi?

Yau hirar tamu daga Kadawa take.

Duk wanda ya san Kura da Bunkure ya san ruwan Tiga ne ke riƙe da yankin: shinkafa, tumatir, albasa, alkama. Yanzu matasanmu sun fara buɗe wa masu injin casa da ƙungiyoyin manoma shafukan intanet, kuma abin a yaba ne. Sai dai kowane shafi yana da ɗakin sarrafawa, mafi yawa cPanel, inda imel ɗin kasuwanci da fayiloli da bayanan masu saye suke. Wanda ya samu kalmar sirrin ɗakin nan zai iya canza lambar asusun da ke shafin, dillali a Legas ya tura kuɗin tirelar shinkafa ga ɓarawo, ku kuna nan kuna jiran alat.

Kar ku ɗauka sai an yi wani gagarumin kutse. A Nuwamban 2021 GoDaddy ya sanar cewa an kai ga bayanan abokan hulɗarsa har miliyan 1.2, kuma kalmar sirri ce da ta faɗa hannun ɓarayi ta buɗe musu ƙofa.

To, tsawo yana da amfani: kalmomi huɗu ko biyar da ba su da alaƙa da juna sun fi lambar wayarka ko sunan ɗanka ƙarfi nesa ba kusa ba. Amma ni abin da ya fi damuna shi ne inda ake buga ta. Kwamfutar shagon buga takardu, wa ya san manhajar da ke cikinta tana nadar duk harafin da ka danna? Ko imel ya shigo wai akwatinka ya cika, danna nan ka shiga. Wallahi shafin kamar na gaske, amma na bogi ne. Rubuta adireshin da hannunka. Ka duba ya fara da https, ya ƙare da 2083. Ta 2082 kalmar a fili take tafiya.

Ku kunna tabbaci na biyu, wato lamba shida da ke canzawa duk daƙiƙa 30 a Google Authenticator.

Shugabannin ƙungiya kuma, a daina jefa kalmar sirri a guruf ɗin WhatsApp. Asusun ya kasance da imel ɗin ƙungiya, ba na yaron da ya gina shafin ba, don gobe zai tafi bautar ƙasa da wayarsa.

Sai mun haɗu a shiri na gaba.