Jariran mage a lungunan Birni

A Birni da Zango na Damagaram mage ba baƙuwa ba ce. Ita ke tsare buhunan gero daga ɓera. Amma ranar da ta haihu a bayan randa, sai ka ga yara sun kwashi 'ya'yan sun watsar a juji.

Jaririn mage nauyinsa kusan giram 100 ne, idonsa a rufe har kwana 7 zuwa 10, kuma a makonni uku na farko jikinsa ba ya riƙe ɗumi. Sanyin asubar hunturu ya fi yunwa saurin kashe shi. Wanda ya tsince shi ya fara da tsumma a kwali, da kwalbar ruwan ɗumi naɗe a zane. Ba a ciyar da shi jikinsa na sanyi.

Nonon shanu zawo yake sa shi. Na akuya dafaffe ya fi dama a matsayin agajin gaggawa. Da sirinji marar allura ake ɗiga masa, yana kife bisa cikinsa, duk awa biyu ko uku, har da tsakar dare. Daga nan a shafa ƙarƙashin wutsiyarsa da jiƙaƙƙiyar auduga, don ba ya fitsari sai uwa ta lashe shi. Nan ne masu tausayi da yawa ke kuskure.

Almajiran Birni ma sun san hadisin matar da ta shiga wuta saboda magen da ta tsare. Iyaye, a ja wa yara kunne: in sun ga jarirai su kaɗai, su dakata tukuna, sau da yawa uwarsu farauta ta tafi.