Tangaran da ya fashe ba na jibji ba ne

Jawabin da anka karanta a taron ƙungiya

Dattawa, iyayenmu mata, da ƴan'uwa da sunka zo daga Yamai, Maraɗi da Damagaram, muna gaishe ku.

Maganar da munka kawo yau ta tangaran ce, wato faranti da kofuna masu ƙyalli waɗanda ƴan ci-rani ke kawowa tsaraba, ana jera su ɗakin amarya. Kaya ne masu kyau, amma ranar da sunka fashe sai a share a zuba bisa jibji. To, kowa ya san inda jibji ke zuwa. Kafin damina a kan kwashe shi cikin amalanke a kai gona a matsayin taki, kuma tangaran yana ciki. An gasa shi da wuta mai tsanani ƙwarai, saboda haka ba ya ruɓewa, ba ya ƙonewa, kaifinsa yana nan ko bayan shekaru. Ranar shuka yaro na bin rami ba takalmi, yana rufewa da diddige, sai ya taka.

Yankan kansa da sauƙi. Abin tsoro shi ne cutar nan mai sanƙarar da jiki ta ƙulle haƙora, wadda likita ke kira tetanos. Ƙwayarta tana zaune cikin ƙasa da kashin dabbobi, wato cikin takin nan sosai, ta ciwo mai zurfi take shiga, kuma ta kan nuna kanta tsakanin kwana 3 da kwana 21, lokacin da an manta da yankan. Wanda ya taka, a wanke masa da ruwa mai tsabta da sabulu, kada a barbaɗa ƙasa ko toka, a kai shi gidan likita ran nan a yi masa allura.

Akwai kuma wanda bai fashe ba, ya dai tsage ko fentinsa na gogewa. Iyaye mata ba su son rabuwa da irin wannan, mun sani, wani ma gadon uwa ne. A bar shi cikin jere ya yi ado, amma a daina ci a ciki. Ƙyallin wasu tsofaffin faranti, balle masu zanen ja da ruwan ɗorawa, da dalma anka haɗa shi, kuma abu mai tsami kamar tsamiya, lemun tsami, yakuwa ko nono yana jawo ta cikin abinci. Dalma ba ta da ɗanɗano, tafasa ba ta kashe ta, ƙwaƙwalwar ƙananan yara take taɓawa. A 2010 ta kashe yara wajen 400 a Zamfara. Can daga dutsen zinariya ta fito, yawanta ya fi na faranti nesa, amma gubar ɗaya ce.

Tukunyar ƙasa da tulu irin na Mirriya hukuncinsu dabam. Magina na daka tsingaro su cuɗa da sabon yumɓu, kasko kuma na shayar da kaji. Sai dai da damina a kife abin da ba a aiki da shi, don ruwan da ya kwanta mako guda ya isa sauro ya hayayyafa.

Ga abin da muke roƙo. Kowane gida ya ware tsohon gwangwani mai murfi, inda hannun yaro ba ya kaiwa, a riƙa tara fasasshen tangaran da kwalba. Mai aza harsashin ɗaki ya karɓa ya zuba ƙasa siminti ya rufe. Sauran a gina masa rami mai zurfin kamu biyu ko uku, nesa da rijiya, inda garma ba ta bi. Ku na birni, masu kwasar shara da hannu suke tsintar abin da ke ciki. Ku naɗe shi da kwali ko tsumma, ku ɗaure, ku faɗa musu.

Samari sun yarda su gina ramin gari kafin a fara kai taki. Wurin da za a gina shi, mun bar wa mai gari da dattawa su nuna.