Fim ɗin da ya sa ƙawata kuka

Yau hirar tamu a kan wani fim ce, kuma na san da jin sunansa wata za ta ce, "Yo mu ina ruwanmu?" Ki ɗan yi haƙuri ki bi ni a sannu.

Sunan fim ɗin The Passion of the Christ. Wani ɗan wasan Amurka, Mel Gibson, shi ya shirya shi da kuɗin aljihunsa, kusan dala miliyan 30, aka fara haska shi a watan Fabrairun 2004, ranar da Kiristoci da yawa suka ɗauki azuminsu na kafin Ista. A Italiya aka ɗauke shi, kuma ba da Turanci ake magana a ciki ba, da Aramiyanci ne da Latin da ɗan Ibrananci. Labarin awoyi goma sha biyu na ƙarshe ne kafin a gicciye Yesu, kamar yadda Kiristoci suka yi imani. Ya tara fiye da dala miliyan 600, amma ya tayar da ƙura. Ƙungiyoyin Yahudawa sun ce an ɗora musu laifi. Kiristoci kansu sun rabu: wasu coci-coci suka riƙa sayen tikiti suna kwasar mabiyansu zuwa kallo, wasu kuma suka ce jinin ya yi yawa.

Ina yarinya ya fito. Sai da na shiga jami'a na gan shi, tare da wata Kirista da muke ɗaki ɗaya. Gaskiya da ɗari-ɗari na zauna. Mu a wurinmu Annabi Isa, alaihis salam, ba a kashe shi ba, ba a gicciye shi ba, haka yake a Suratun Nisa'i, kuma zuciyata ba ta kwanta da a ce wani ya fito a matsayin Annabi ba. Har yau ina kan haka.

To amma akwai wuri guda. Ya faɗi da gicciyen a kafaɗarsa, mahaifiyarsa Maryamu tana raɓe a lungu, ta kasa kallo. Sai ta tuno shi yana ƙaramin yaro, ya yi tuntuɓe ya faɗi, ta saki abin da take yi ta ruga. Haka ta sake rugawa. Uwargida, ke da kika taɓa barin tukunya a wuta saboda kukan ɗanki, kin san wannan gudun. Na waiga, ƙawata hawaye shaɓe-shaɓe. (Wadda ta fito a Maryamun ma Bayahudiya ce 'yar ƙasar Romaniya, Maia Morgenstern, a fim ɗin da ake cewa ya ci zarafin Yahudawa.)

Na ɗauka yabo za ta yi ta yi. Ina! Cewa ta yi ba za ta bari ƙannenta su kalla ba. Ta ce abin da aka raine ta a kai shi ne ka yafe wa wanda ya cuce ka, har maƙiyinka ka yi masa addu'a, kuma fim ɗin ya nuna hakan, amma a 'yan daƙiƙoƙi, bulala kuwa minti bayan minti. Yaro zai tashi da wanne a ransa, yafiyar ko haushin masu dukan? Ta kuma tuna mini cewa a 2006 'yan sanda sun kama Gibson yana tuƙi a buge, ya zazzagi Yahudawa, daga baya ya nemi gafara. Na ce, "Ke kin yafe masa?" Ta yi shiru, can ta ce dole ne a kanta, amma da wuya.

Tun daga ranar, in yara suka kunna wani abu a waya ko talabijin da sunan na addini ne, namu ko na wasu, ba na tashi in bar su. Nakan ajiye tsintar shinkafata in matso in gani tukuna.

Lokaci ya cim mana. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu, a gaida maigida da yara.